Solomon Lar da Siyasar 'Yantarwa: Rabonmu da Aikinmu a Jos



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan kasuwa, da ku matasan Kwararafa da kuka ɗauki nauyin shirya wannan taro, barkanmu da yamma. Ina yi wa maƙwabtanmu Kirista da na hango a cikin zauren nan sannu da zuwa ta musamman. Zuwanku ya ƙara wa zaman nan daraja, domin maganar da za mu yi tamu ce gaba ɗaya.

An nemi in yi magana a kan rayuwar wani zaɓaɓɓen shugaba na jiharmu, sai na zaɓi marigayi Cif Solomon Daushep Lar, Walin Langtang, gwamnan farar hula na farko a Jihar Filato. Na san akwai wanda zai ce a ransa: a tsakiyar Kwararafa, a gaban Hausawa Musulmi, me ya kai mu ga tarihin mutumin Langtang? Amsata gajeriya ce. Yawancin abubuwan da muke gardama a kansu yau a garin nan, sarauta ce, ƙaramar hukuma ce, takardar indijin ce, sun bi ta hannun wannan mutum ko ta zamaninsa. Wanda bai san yadda aka ɗaura abu ba, ta yaya zai san ta inda zai kwance shi? Ba yabo na zo yi ba, ba kuma zagi ba. Na zo mu auna mutumin nan da ma'aunin da za mu so a auna namu shugabannin da shi.

Na farko: inda ya fito

An haifi Solomon Lar a Langtang a watan Afrilu na 1933, a cikin ƙabilar Tarok. Ya yi firamare a makarantar mishan ta SUM da ke Langtang, daga nan ya wuce kwalejin horar da malamai ta Gindiri, ya fito ya kama aikin koyarwa. Ba ɗan sarki ba ne mai jiran gado, malamin makaranta ne.

Ku lura da wurin. Langtang maƙwabciyar Wase ce, masarautar Fulani wadda ta samo tutarta daga Bauchi. Turawan mishan na SUM ma a Wase suka fara sauka a 1904, kafin su koma cikin ƙabilun da ba su karɓi Musulunci ba. Da Turawan mulki suka zo, sun iske tsarin sarauta shiryayye a masarautu, sai suka ga ya fi musu sauƙi su bi ta kansa. Saboda haka a wurare da dama na tsakiyar Najeriya, hakimin da ke karɓar haraji da alƙalin da ke yanke hukunci ba 'yan ƙabilar da suke mulka ba ne, ba su jin yarenta, ba su bin al'adarta. Yaron da ya tashi a Langtang ko Pankshin ko Akwanga a wancan lokaci ya tashi yana jin labarin wannan a bakin iyayensa.

A nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Kukan da waɗannan ƙabilu suka yi da mulkin En'e, ai shi ne kukan da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi a Kano da Katsina da Zariya. Talakan Bahaushe ma ya sha aikin tilas, ya sha bulalar dogari, ya sha harajin da ya fi ƙarfinsa. Kakannin da yawa daga cikinmu da suka hau dutsen nan aikin kuza ko fatauci, sun sami iskar da ba su samu a gida ba, shi ya sa NEPU ta yi ƙarfi a Jos. Bambancin shi ne talakan Kano ya ga azzalumin a matsayin basarake, shi kuwa mutumin tsakiyar ƙasa ya gan shi a matsayin Bahaushe. Wannan bambancin kallo shi ne tushen rashin fahimtar da ke tsakaninmu har gobe.

Na biyu: daga aji zuwa Legas, daga Legas zuwa aji

A farkon 1959 aka zaɓi Lar kansila a hukumar gargajiya ta yankinsu. A watan Disamba na shekarar ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya a ƙarƙashin UMBC, jam'iyyar Joseph Tarka mai neman a ware wa tsakiyar ƙasa jiharta daga Jihar Arewa. Yana da shekara 26. Ku matasa, ku riƙe wannan adadi. An sake zaɓensa a 1964, kuma kafin juyin mulkin Janairun 1966 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa, ya kuma riƙe muƙamin ƙaramin minista.

Mutumin da ya shiga majalisa da tutar masu adawa da mulkin NPC ya ƙare yana aiki a gefen Firayim Ministan NPC. Wasu za su kira wannan sauyin sheƙa. Ni kuwa a nan na fara ganin halin da ya bi shi har kabari: bai taɓa ɗaukar saɓanin siyasa a matsayin dalilin rufe ƙofa ba. Yana da abin da yake so wa mutanensa, kuma ya gane cewa ƙaramar ƙabila ba ta samun biyan buƙata da ihu daga waje kaɗai.

Sojoji suka rushe Jamhuriya ta Farko. Tsohon minista, mai iyali, ya wuce shekara talatin, sai ya koma ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya sami digirin shari'a a 1970, ya zama cikakken lauya a 1971, ya buɗe ofis a garin nan. Nawa ne daga cikin 'yan siyasarmu na yau, in kujera ta kuɓuce musu, za su koma su zauna a benci ɗaya da sa'o'in ƙannensu? Wannan karatu shi ya ba shi kujera a kwamitin Mai Shari'a Ayo Irikefe, wanda ya yi nazarin ƙirƙiro sababbin jihohi a zamanin Janar Murtala Muhammad. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 jihohi suka tashi daga 12 zuwa 19, aka raba Binuwai-Filato gida biyu, Jihar Filato ta samu. Karatun ne kuma ya kai shi majalisar da ta tsara kundin tsarin mulki a 1977 zuwa 1978.

Na uku: shekaru huɗu da wata uku a gidan gwamnati

A nan zan ɗan daɗe.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Lar na cikin waɗanda suka kafa NPP. Jam'iyyar ta dare tun ba a je ko'ina ba: Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, ya fita ya kafa GNPP, ragowar suka ɗauko Dakta Nnamdi Azikiwe ya zama ɗan takararsu na shugaban ƙasa. A zaɓen 1979 NPP ta ci jihohi uku: Anambara, Imo da Filato. Biyu na ƙasar Ibo ne, ta ukun a Arewa take. Ranar 1 ga Oktoban 1979 aka rantsar da Solomon Lar.

Ku tuna Filaton wancan lokaci ba ta yau ba ce. Lafiya, Keffi, Nasarawa, Akwanga da Doma duk suna ciki, sai a 1996 aka cire Jihar Nasarawa. Jiha ce mai ƙabilu fiye da hamsin, mai masarautun Musulunci irin su Wase da Kanam da Lafiya da Keffi, mai kuma ɗimbin ƙananan al'ummu da ke ganin an daɗe ana yi musu mulki daga nesa. Lar ya sa wa shirinsa suna 'yantarwa, har sunan ya zama laƙabinsa.

Me ya yi a aikace? Ta fuskar sarauta, ya ƙirƙiro sababbin masarautu da gundumomi, ya ɗaga darajar sarakunan ƙabilu da dama, ya ba al'ummun da ke ƙarƙashin wasu damar naɗa nasu. Ya ƙara yawan ƙananan hukumomi, ko da yake sojoji sun soke ƙarin bayan sun dawo. Wannan ma ba a Filato kaɗai aka yi ba. A daidai lokacin, Alhaji Abubakar Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu a Kano, kuma rikicinsa da fadar Kano ya kai ga tarzomar 10 ga Yulin 1981 wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. A Kaduna majalisa ta tsige Alhaji Balarabe Musa a watan Yunin shekarar. Lar ya taɓa irin abin da suka taɓa, amma ya gama wa'adinsa, ya kuma sake cin zaɓe a 1983, shekarar da NPN ta kwashe jihohi da yawa, har da Anambara ta abokinsa Jim Nwobodo. Wannan ba sa'a ba ce kawai. Mutum ne mai zuwa gaisuwa, mai zama da wanda ya ɓata wa rai. Mataimakinsa a wa'adi na biyu Musulmi ne, Alhaji Aliyu Akwe Doma, wanda daga baya ya zama gwamnan Nasarawa daga 2007 zuwa 2011.

Ta fuskar ma'aikata, ya yi abu biyu da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin sun fi wasu gine-ginen nauyi. Ya soke tsarin ɗaukar leburori a riƙa biyansu kuɗin yini, mutum ya shekara goma yana share ofis ko yana gyaran hanya amma ba shi da fansho, ranar da ya kwanta ciwo kuma babu ko kwabo. Ya kuma ba mata ma'aikata hutun haihuwa tare da albashinsu. Iyayenmu mata da ke nan, wadda ta taɓa aikin gwamnati da goyo ta san abin da wannan ke nufi. Dokar nan ba ta tambayi ƙabila ba, ba ta tambayi addini ba.

Sai makarantu, asibitoci, ruwa, hanyoyi da kai wuta ƙauyuka. Kwalejin Ilimi ta Gindiri a zamaninsa aka kafa ta. Babbar kasuwarmu ta Taminus, wadda aka fara tunaninta tun zamanin Joseph Gomwalk, a lokacin Lar aikinta ya yi nisa, aka buɗe ta a 1985. Wa ya fi cin moriyar kasuwar nan? Ku tambayi dattawan da ke zaune a gaba. Tun da gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002, gidaje nawa ne a Kwararafa da Gangare da Unguwar Rogo da Dilimi ba su sake miƙewa ba? Gwamnati nawa ta zo ta wuce, kangon yana nan tsaye?

Ban manta da maiɗakinsa ba, Farfesa Mary Lar, wadda tana cikin na farko-farko da suka duƙufa a kan ilimin 'ya'yan Fulani makiyaya, tun kafin gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989.

Amma gwamnatin ba ta rasa aibi ba. An buɗe ayyuka da ma'aikatu da ƙananan hukumomi da lissafin kuɗin mai na 1980. Da farashin mai ya faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, jihohi da dama suka kasa biyan albashi a kan kari, ayyuka suka tsaya. Ƙirƙirar masarauta ba ta da wuya, takarda ce da sanda. Ɗaukar nauyinta shekara da shekaru shi ne aiki.

Na huɗu: tambayar da 'yantarwa ba ta amsa ba

Yanzu na zo inda ya fi shafarmu, ina roƙon ku saurare ni da haƙuri, Musulminmu da Kiristanmu.

Siyasar 'yantarwa an gina ta ne a kan tunani guda: kowace al'umma tana da ƙasarta ta gado, kuma a kan wannan ƙasa ita ya kamata ta yi mulki. Ga mutumin ƙauyen da aka daɗe ana turo masa hakimi daga wani gari, wannan adalci ne, ba ni da ja a kai. To amma birni fa? Jos gari ne da kuza da jirgin ƙasa suka tara wa jama'a tun farkon ƙarni na ashirin. Berom da Anaguta da Afizere suna cewa ƙasar kakanninsu ce. Hausawa suna cewa kakanninsu ne suka share daji suka kafa garin, suna kuma lissafa sarakunansu da suka yi kafin Turawa su naɗa Rwang Pam a 1947. Ga Yarabawa da Ibo da Urhobo da Nupawa da suka haifi jikoki a nan. Wanda aka haifi kakansa a Kwararafa, bai san hanyar Kazaure ko Bichi ba, in ya je can ma ɗan Jos za a kira shi, ina ne ƙasarsa ta gado?

Tsarin mulkin 1979, wanda Lar na cikin masu tsara shi, ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi don kada wani yanki ya danne wani. Niyya mai kyau. Amma da ya zo fayyace wane ne ɗan jiha, sai ya ce wanda iyayensa ko kakanninsa suka fito daga al'ummar da ke 'yar asalin jihar, bai kuma faɗi yadda ake zama ɗan asali ba, ko shekara nawa ake yi kafin baƙunci ya ƙare. Tsarin mulkin 1999 ya kwafe wannan yadda yake. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 147 kuma ya ce dole minista ya zama ɗan asalin jiharsa. Sai aka bar hukuncin a hannun shugaban ƙaramar hukuma, shi ke sa hannu a takardar indijin. Takardar nan kuwa ita ce ƙofar shiga jami'a da rangwame, ita ce ƙofar aikin soja da ɗan sanda da na gwamnatin tarayya.

Kun ga dalilin da ya sa kujerar Jos ta Arewa ta zama abin da ake mutuwa a kai. An ƙirƙiro ƙaramar hukumar a 1991 zamanin Janar Babangida. A Afrilun 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo ya jawo tarzoma. Sai 7 ga Satumban 2001. Sai Yelwan Shandam a 2004, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Mayu, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya turo Janar Chris Alli. Sai Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi. Sai Janairun 2010, sai Dogo Nahawa a Maris. Babu wanda ke cikin zauren nan da bai binne wani ba, ko bai rasa maƙwabcin da ya tashi ya koma wata unguwa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Shin Solomon Lar ne ya jawo wannan? A'a. Zalunci ne a ɗora masa. A shekarunsa na mulki garin nan lafiya lau yake, Bahaushe na kwana a Unguwar Rukuba, Berom na cin kasuwa a Gangare. Amma ina da yaƙinin cewa tunanin da ya tsaya a kai rabin amsa ne. Ya warware matsalar wanda aka mulka a kan ƙasarsa, bai warware ta wanda ba shi da wata ƙasa sai wadda aka ce ba tasa ba ce. Waɗanda suka gaje shi kuma da yawansu sun ɗauki rabon ƙasa da sarauta, sun bar halinsa na jawo mutane a jiki.

Kada kuma mu Hausawa mu wanke kanmu. Wannan cuta ba a Filato kaɗai take ba. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ko Bayaraben da kakansa ya zauna a Sakkwato, yana samun takardar indijin cikin sauƙi? In muna neman a ce haihuwa da zama da biyan haraji su ne ma'auni a Jos, to mu yarda su zama ma'auni a Kano da Katsina da Zariya. Wanda ke neman adalci a gari guda kaɗai, ba adalci yake nema ba.

Na biyar: kurkuku, kujerar minista, da wasiƙa

Ranar 31 ga Disamban 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, wata uku kacal da fara wa'adi na biyu. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa kotunan soja na musamman a ƙarƙashin doka ta 3 ta 1984, kotunan da ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ƙaurace musu. An yanke wa Lar hukuncin da jimillarsa ta kai shekara 88. Ya zauna a gidan yarin Jos, garin da ya mulka, daga baya aka kai shi Kirikiri a Legas. A lokacin, ministan tsaro mutumin Langtang ne, Janar Domkat Bali, amma zaman ɗan gari ɗaya bai buɗe masa ƙofa ba. Sai da Babangida ya hau a Agustan 1985 aka sake duba shari'o'in, aka sake shi.

Ya koma siyasa a SDP. Bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba, Lar ya karɓi kujerar ministan harkokin 'yan sanda. Ba shi kaɗai ba, Abubakar Rimi da Lateef Jakande da Baba Gana Kingibe da Iyorchia Ayu duk sun shiga. A ganina wannan kuskure ne. Jam'iyyarsu ce ta ci zaɓen da aka soke, shigarsu kuma ta ba mulkin soja rigar mutunci a lokacin da ya fi buƙatarta. Halin nan nasa na ƙin rufe ƙofa, wanda na yaba ɗazu, a nan ya kai shi inda bai kamata ba.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Zuwa farkon 1998, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki, Abiola na tsare, Obasanjo na tsare, jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista suna shirin tsayar da Abacha shi kaɗai. Magana a lokacin tana iya cin ran mutum. Sai 'yan siyasar Arewa su 18 suka rubuta wa Abacha wasiƙa cewa kada ya gaji kansa. A cikinsu akwai Malam Adamu Ciroma, Abubakar Rimi, Sule Lamido, Farfesa Jerry Gana. Rubutawa daban, kaiwa daban. Solomon Lar ne ya ɗauki wasiƙar ya kai fadar shugaban ƙasa. An kama Rimi da Lamido. Ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta mutum 34 ƙarƙashin Dakta Alex Ekwueme, kuma bayan rasuwar Abacha ranar 8 ga Yunin 1998 ita ce ta zama ginshiƙin PDP, Lar ya zama shugabanta na ƙasa na farko. A garin nan, a Fabrairun 1999, ya jagoranci babban taron da Obasanjo ya kayar da Ekwueme a zaɓen fid da gwani.

Ina so matasa su dubi sunayen nan da kyau. Bakano, mutumin Potiskum, mutumin Jigawa, Banufe, da ɗan Tarok Kirista a gabansu riƙe da takardar da duk suka sa wa hannu. Sun yarda da shi a kan abin da zai iya kai su kabari. Irin wannan yarda ba a sayenta ranar da ake buƙatarta, shekaru ake yi ana tara ta.

Na shida: aikinsa na ƙarshe, da abin da nake roƙo

Bayan rikicin Janairun 2010, Mataimakin Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya naɗa shi shugaban kwamitin ba da shawara a kan rikicin Jos, tare da dattawa irin su Ambasada Yahaya Kwande. Yana dab da shekara 77. Kwamitin ya saurari ɓangarori, ya miƙa rahoto a cikin shekarar. Rahoton ya bi sahun na Mai Shari'a Fiberesima na 1994, da na Niki Tobi, da na Bola Ajibola: an karɓa, an yi godiya, an ajiye. Lar ya rasu a wani asibiti a Amurka ranar 9 ga Oktoban 2013 yana da shekara 80, aka kai shi Langtang aka binne.

Ga roƙona gare ku, 'yan'uwana matasa.

Ku nemi rahotannin nan ku karanta. Muna yawan cewa an zalunce mu, kuma akwai gaskiya a ciki, amma mutum nawa ne a unguwar nan zai iya tsayawa gaban kwamitin majalisa ya faɗi abin da kowane rahoto ya ce da inda ya yi kuskure? Lar ya koma aji ya karanta shari'a, shi ya sa yana cikin ɗakin lokacin da ake zana jihohi da rubuta tsarin mulki. Muna buƙatar lauyoyi da masana tarihi daga Kwararafa, maza da mata, waɗanda za su kasance a ɗakin ranar da za a sake buɗe maganar asali da zama. Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta kira jin ra'ayin jama'a a kan gyaran tsarin mulki, mu je da takarda rubutacciya, ba da ƙorafin baki ba.

Ku kuma nemi abokan tafiya a wajen unguwa. Ƙuri'unmu a Jos ta Arewa suna da yawa, amma ba za su taɓa naɗa gwamna su kaɗai ba, ba kuma za su gyara tsarin mulki su kaɗai ba. Matashin Berom da ke Bukuru ba shi da aiki, kamar yadda na Gangare ba shi da shi. Ramukan kuza da kamfanoni suka bari suna cin 'ya'yansu da gonakinsu. Kangon Taminus na kowa ne. A kan irin waɗannan ake fara zama tare, kafin a kai ga masu wuyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga maƙwabtanmu da ke ɗaukar Baba Lar a matsayin uba, ina cewa: kuna da dalilin alfahari da shi. Ku ɗauki gadonsa gaba ɗaya. Mutumin da ya yi aiki da Tafawa Balewa, ya zaɓi mataimaki daga Doma, ya ɗauki wasiƙar su Rimi da Ciroma a hannunsa, bai kamata a riƙa ambaton sunansa wajen hana yaron da aka haifa a Jos takardar shiga makaranta ba.

Mai girma shugaban taro, na ci lokaci fiye da yadda aka ba ni, ina neman afuwa. Ina godiya ga matasan da suka shirya wannan zama, da iyayenmu da suka bar harkokinsu suka zo, da duk wanda ya saurare ni ko da bai yarda da ni ba. A cikinku akwai dattawan da suka yi zamani da Solomon Lar, wasu sun yi masa kamfe, wasu sun yi adawa da shi a NPN ko PRP. Su nake so su fara magana, sannan matasa su biyo da tambayoyinsu. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, za a miƙo masa abin magana.